Albarka da Shanun Hanyar Kalgo

Albarka mutumin Malisa ne, kuma jakuna yake kora kafin ya zama direba. A shekarun da mota ta fara ratsa ƙasar Gwandu, wani attajiri ya sayo tsohuwar lori ya damƙa masa, a ganinsa mutumin da ya shekara goma yana lallashin jaki ba zai yi fushi da ƙarfe ba.

Da rana Albarka gwanin gudu ne, har kaji sun san ƙarar motarsa. Amma da magariba ta faɗi sai ya koma rarrafe. Fitilunsa biyu na kananzir ne, haskensu bai wuce taku goma ba. Ga kuma shanun Fulani, waɗanda suka gano cewa sabuwar hanya tana riƙe ɗumin rana, suka maishe ta shimfiɗa. In fasinja sun dame shi da ƙorafi, sai ya ce, "Iyakar inda nake gani, nan nake zuwa. Mai sauri ya sauka ya yi mana jagora."

Matarsa Lami ta haifi ɗansu na fari a gidan iyayenta a Kalgo. Albarka ya zaɓi suna tun cikin yana wata uku: Lukuman, sunan marigayi malaminsa, wanda ya rene shi bayan rasuwar uwarsa. Sai dai kunyar ɗan fari ta hana shi faɗa wa kowa, ko Lami. Shirinsa shi ne ya isa da asubar ranar suna ya raɗa wa liman a kunne, ya sulale.

Ana gobe suna, maigidansa ya ce tunda Kalgo za shi, ya ɗauki kanwa ya kai kasuwa. Lodi bai ƙare ba sai bayan la'asar.

Duhu ya same shi a tsakiyar hanya, garke ya same shi bayan duhun. Ya matsa oda, wata farar saniya ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa. Can iska ta kai wa shanun ƙamshin kanwa. Sai ga su sun tashi, ba don su ba shi hanya ba. Suka kewaye motar, gaba da baya, suna lasar buhuna.

Wani dattijon makiyayi mai suna Bawa ya fito da sanda a kafaɗa.

"Baffa, don Allah kore su. Suna gare ni da asuba."

"Kai ka kira su, ɗana. Wa ke yawo da kanwa cikin rugage da dare?"

"To mi za a yi?"

"Ka sauke buhu guda can gefe, su bi shi."

"Kayan mutane ne."

"To ka zauna. Ga nono."

Albarka ya yi tunanin tafiya da ƙafa, ya dubi amanar da ke bayansa, ya zauna. Da Bawa ya samu ya janye nasa shanun, ba a yi nisa ba na maƙwabcinsa suka karɓa. Garke huɗu ya ratsa a daren nan, taku goma-goma, fitila ɗaya ta mutu a na uku.

Hantsi ya ɗaga sa'ad da ya shiga Kalgo. Ragon suna yana rataye, an feɗe. Surukinsa Malam Hamidu ya tarbe shi da fara'a.

"Mun jira har rana ta fito. Da liman ya matsa, sai na ce Abdulgani. Ko kana da wani a zuci?"

Albarka ya durƙusa, ya dubi ƙasa. Wa zai ce wa suruki a sake yanka?

"A'a, Baba. Allah shi raya."

Yaron ya rayu, ya girma, ya yi gemu. Uban dai bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, mutane suna ta yaba kunyarsa. In yana nemansa sai ya ce, "Ina wancan?"