Malama Luba, Wadda Ta Aike Mu Bakin Dutsen Niƙa

Ina cikin darasi a makarantar da nake koyarwa a Kebbe wayata ta yi ta ƙara a jaka. Da na fito na duba, wata abokiyar karatuna ce daga Tambuwal. Ba ta ja gaisuwa ba, ta ce, "Kulu, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malama Luba rasuwa da hantsin nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi benci na zauna.

Malama Lubabatu ita ta koya mana adabin Hausa a makarantar 'yan mata ta kwana a Tambuwal. Gajeruwa ce, muryarta ba ta da ƙarfi, kuma ban taɓa ganin bulala a hannunta ba. In ta leƙo ki ta saman tabarau, ya ishe ki. Ba ta fara karanta mana rubutacciyar waƙa sai ta ba mu tarihin matan ƙasar nan da suka riƙa ɗora malfa a kai suna bin ƙauyuka, suna koya wa mata 'yan uwansu addini da waƙa, har da abin da Allah ya ba mace na ilimi da gado. Takan ce, "Ba baƙon abu nika koya muku ba. Kakanninku sun san shi, mantawa anka yi." Wasu iyaye ba su ji daɗin haka ba, suka ce tana koya wa yara tsaurin ido.

Wani hutu ta ba mu aiki: kowace ta zauna kusa da tsohuwar gidansu ta koyo waƙar niƙa. Ta ce inji ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki, in tsofaffin suka tafi da waƙoƙinsu za su tafi. A gidanmu Goggo Dije ce kaɗai ba ta bar dutse ba. Ƙanwar babana ce, mijinta ya rasu ta dawo gida. A wajenmu gona ba ta barin hannun maza. In uba ya rasu 'ya'ya maza su riƙe, da kaka su aika wa matan da dami ɗaya ko biyu, su kuwa su yi godiya. Ba wanda yake kiran abin zalunci, haka aka tarar. Su huɗu kakanmu ya haifa, maza uku da Goggo. Tana niƙa tana rera, "Baba ya haifi fuɗu, gona ta san ukku."

Abin da mace ta faɗa a kan dutsen niƙa ba a mayar mata da amsa. Maza sukan wuce kamar ba su ji ba. Ni kuwa da rawar kaina, na kai wa Baba fura na durƙusa na ce, "Baba, ina gonar Goggo?" Ya ajiye ludayi ya dube ni. "Wanga shi na karatun da kika yi? To, kin gama." Aka koma makaranta ba ni. Na yi kuka har na gaji, don a raina ba abin da nake so kamar in zama malama.

Ana cikin damina sai ga Malama a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, zanenta duk taɓo, domin wanda ya san hanyar Kebbe a lokacin ruwa ya san abin da ta sha. Ta durƙusa ta gaida Baba kamar yayanta.

Ya ce, "Malama, ke kika turo ɗiyata ta yi min shari'a cikin gidana?"

Ta ce, "Waƙa na aike ta nema, Malam. Ta rage ladabi, gyaran wanga kuwa aikina ne in ka mai da min ita. Amma ba ni cewa ta yi ƙarya."

"Mu haka munka taras."

"Haka munka taras mu duka. Zancen gona ga liman nan kusa, ka tambaye shi, kar ka ɗauki tawa. Roƙona ɗaya: kar ka hana yarinya karatu don ta ji abin da kai ma kake ji kullum da safe."

Daga baya Baba ya sa aka kama mata zabuwa, ni kuma ya ce in haɗa akwatina. A hanya na ɗauka za ta yabe ni, ashe faɗa ke jirana. Ta ce, "Kulu, gaskiya ma sai ta yi sallama kafin ta shiga gida."

Ba a raba gonar a shekarar ba, ba a raba ta a mai zuwa ba. Sai da na gama kwaleji Baba ya kira ƙannensa da liman aka fitar wa Goggo rabonta. Bai taɓa cewa Malama ta yi gaskiya ba, har kwanan baya "malamar taku mai jawo magana" yake ce mata. Kuma ba kowane uba ne ya saurare ta ba. Akwai waɗanda aka cire daga ajinmu ba su dawo ba, ta riƙe sunayensu a ranta tana tambayar labarinsu har ta tsufa. Ni da aka mayar, duk abin da na zama a hannunta na samu, kuma ina godiya.

Ranar sadakar uku na isa gidan makokin a Tambuwal, na hangi Baba a kan tabarmar maza, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Ban san zai zo ba. A cikin gida na tarar da Goggo Dije ta sa an sauke buhun gero daga babur. Ta riƙe hannun babbar 'yar Malama ta ce, "Na gonata ne. A yi fura a ba mutane, ladar ta kai mata."

Ya Allah ka gafarta wa Malama Lubabatu, ka yalwata kabarinta, ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta ba yankewa. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, ka tsaya musu kamar yadda ta tsaya wa 'ya'yan mutane. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.