Kofin da Na Kai wa Malam Bube

Rabah

Ana kiran sallar asuba na ɗaure kofin a bayan keke, cikin tsohon buhun gero. Zamanin Turawa ne, ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Shekara shida Malam Bube yana horar da mu, kullum mu je wasan ƙarshe mu dawo hannu rabbana. Da idonsa ya mutu aka sallame shi, ya koma garinsu Goronyo. Bayan wata biyu muka ci kofin, aka zana sunan sabon manaja a jikinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Saura kwana uku a mayar da kofin Sakkwato, na ce sai Malam ya taɓa shi da hannunsa.

Wurno

Da hantsi na isa, ƙafafuna kamar na aro. Na sha fura a bakin kasuwa, na nemi maƙerin fari, na roƙe shi ya zana sunan Malam a gindin kofin. Ya ce bai san boko ba, sai ajami. Na ce ya yi. Na san in aka gani kyaftin ɗina ya ƙare, amma ban fasa ba. Bayan azahar motar albasa ta kwashe ni da kekena. Direban ya dage butar shayin Bature na sato, har muka rabu bai yarda da ni ba.

Goronyo

La'asar sakaliya na tarar da Malam a zaure, ya rame ƙwarai. Na gaishe shi, na ɗora masa kofin a cinya. Ya shafa a hankali, yatsansa ya bi haruffan bokon ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya.

"Sani, wanga ba sunana ba na."

Na juya kofin, na kai hannunsa gindi. Ya bi rubutun sau uku. Ni kuwa hawaye suka cika mini ido. Sai ya ce:

"Mi ya kai ka? Ka biya Wurno a goge shi. Na karanta, ya ishe ni. Yaran ga na bukatarka cikin fili."

Komawa gida

Washegari na wuce ƙofar maƙerin ban ko rage gudu ba. Shekara shida ban taɓa ƙin umarnin Malam ba sai ranar. Na shiga Rabah da magariba lafiya, alhamdulillahi. Da mako ya zagayo aka karɓe kyaftin ɗin daga hannuna. Na gode wa maƙerin Wurno, ya zurfafa zanen yadda babu mai iya kankare shi.