Igiyoyin Jibo Tela

In kun ji tsofaffin Zuru suna yabon ɗinkin Jibo Tela, kada ku ƙaryata su. Ya iya ɗinki, wannan ko ni da ba na ƙaunar jin sunansa ba zan hana shi ba. Abu biyu ne Allah bai ba shi ba: kama baki, da rabuwa da abin da ya gama amfani. Ni Altine na yi shekaru ina toya waina a gaban rumfarsa, hanya ce kawai ta raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Asalinsa mutumin Jega ne. Ya zo garin nan 'yan shekaru bayan yaƙin Bama na zamanin Turawa, lokacin da sojojinmu suka dawo gida kowa yana son taguwa mai aljihu da wando irin na bariki. Da keken ɗinkinsa ya zo a bayan jaki, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya gina bangon laka a bayanta. Ɗan siriri ne, hula kullum a karkace, allura soke a gaban riga, baki jawur da goro. In yana taka keke sai ya riƙa waiwaye, ya ga ko ana kallonsa.

Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Tef ɗin awo mai lambobi kuwa cewa yake kayan ragwaye ne. Shi da igiyar rama yake awo. In ka zo sai ya yanko igiya sabuwa, ya gwada faɗin kafaɗarka ya yi ƙulli, ya zagaya ƙirji ya yi ƙulli, haka ƙugu, haka hannu, ƙarshe ya ja daga kafaɗa zuwa idon sawu ya yanke. Sai ya ɗaura ɗan ƙyallen yadinka a jiki don shaida, ya rataye a ƙusa. Kowane mutum da ƙusarsa a bango. Gaskiya dabara ce, ba zan ce ba dabara ba ce. Mutum yana zaune a Danko ko Bena sai ya aiko da yadi a mota, a ɗinka masa riga ta zauna daram ba tare da ya taka ƙafarsa Zuru ba.

To, ga inda shashancin yake. Duk zuwan da ka yi sai ya sake awo, ya rataye sabuwar igiya a kan tsohuwa, tsohuwar kuma tana nan. Ba ya yarwa, ba ya ƙonawa, ba ya mayar wa mai ita. Wanda ya bar gari igiyarsa na nan. Wanda ya mutu ma igiyarsa na nan, tana ta tara ƙura. Har alfahari yake yi da abin, yana bugun ƙirji da Hausarsa ta Kabawa: "Ni ban yar da mutum! Duk garin ga shina nan ga bangona."

Ai kuwa yana nan, kuma a buɗe. Bangon nan ba labule, ba ƙofa, duk mai wucewa yana gani. A gabansa akwai benci, a kan bencin kullum akwai 'yan zaman kashe wando. In hira ta yi sanyi sai Jibo ya miƙa hannu ya sauko da igiyoyin wani, ya jera su a ƙasa ya fara wasa. "Ku dubi Dodo mahauci. Ga cikinshi shekarar da ya zo, ga shi bana. Rabin naman kasuwar ga nan ya shiga!" A kwashe da dariya. Matar wani malamin makaranta takan aiko wata tsohuwa da awonta a ɗinka mata riga. Wallahi 'yan bencin nan sun san tana da juna biyu tun mahaifiyarta ba ta sani ba, saboda ƙullin ƙugu ya matsa gaba. Tir!

Na taɓa yi masa magana. Na ce, "Malam Jibo, jikin mutane fa amana ce suka ba ka." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ke dai ji da wainarki, tana ƙonewa." 'Yan benci suka yi dariya, ni kuma na koma kan wainata.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Dawuda. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan Dabai ne mu. Ya je Bama ya dawo da igiya biyu ta muƙamin soja a hannun riga, shi ya sa kowa ke ce masa Kofur. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure sai ya tare haske. Wani kamfanin sayen gyaɗa ya ɗauke shi shugaban 'yan dako a rumfarsu ta sikeli, shi ke raba aiki, shi ke tsawata wa masu lalaci. Da aikin nan yake ciyar da matarsa Kulu da 'ya'yansu da tsohuwarmu.

A wata damina tari ya kama shi. Da fari mun ɗauka mura ce, sai ga shi yana ramewa, yana zufa ba gaira ba dalili. Ya lallaɓa asibitin mishan a ɓoye, aka ce tarin fuka ne, amma an tare shi da wuri. In ya ci gaba da karɓar allura, ya ci abinci mai kyau, ya daina ɗaukar nauyi, zai warke. Ɗaukar nauyi ba matsala ba ce, shugaba baki ne aikinsa. Abin da ake tsoro ɗaya ne: kada kamfani ya ji. Ba sa barin mai irin wannan tari kusa da buhunansu, kuma in aiki ya tafi, abincin ya tafi, zaman Zuru kusa da asibiti ma ya tafi. Kakar gyaɗa guda kawai yake bukata ya ratsa asirinsa a rufe. Mu uku muka sani, shi da Kulu da ni.

Sai dai kakinsa na aiki ya fara yi masa yawa, yana lilo a jikinsa kamar an rataya a ƙyaure. Ba yadda za a yi, dole a je wa tela.

Da sassafe ya zo, benci ba kowa, ni ina haɗa wuta. Na tsallako na tsaya kusa. Jibo ya yanko igiya ya zagaya ƙirjinsa, na ga idonsa ya yi wal, ya kalli ƙusar Dawuda a bango, ya kalli sabon ƙullin.

Dawuda ya ce, "Tela, ka ga abin da ka gani. Ina son ka rage mini kakin nan, ka sa shafi mai kauri a kafaɗu da ƙirji, yadda ba mai lura. Sannan tsofaffin igiyoyina, don girman Allah ka ƙone su. Wannan sabuwar ma in ka gama ka haɗa da ita."

Jibo ya dafa ƙirji. "Haba Kofur! Ko matata ba ta ji. Yau ɗin ga za su ga wuta."

Na ce, "To miƙo su mana, ga wuta can a murhuna."

Ya ce, "Ke mi kika sani ga ɗinki? Sai na gwada tsohuwa da sabuwa in san inda zan cika." Maganar ta yi kama da hankali, Dawuda ya gyaɗa kai. Jibo ya kwashe igiyoyin daga ƙusa a gabanmu. Bayan kwana biyu na tambaye shi, ya rantse mini sun zama toka. Ashe a cikin wani tsohon gwangwanin kananzir ya cusa su, ƙarƙashin keken ɗinki.

Aikin kuwa ya yi kyau, Allah ya isa! Ran da Dawuda ya sa kakin nan ni kaina sai da na yi shakka ko ya taɓa ciwo. Kafaɗu sun cika, ƙirji ya fito. Aka buɗe kaka, yana tsaye bakin sikeli yana ba da umarni, ba wanda ya ce uffan. Allura tana karɓarsa, har ya fara cin tuwo da yawa, Kulu ta fara dariya.

Wanda abin ya dama shi ne Jibo. Ya yi ɗinkin da bai taɓa yin irinsa ba, kuma ba mai yaba masa, don ba wanda ya san an yi. Ina kallonsa, in Dawuda ya wuce sai ya tsayar da keke, ya bi shi da ido, ya kalli 'yan benci. Abin yana cinsa kamar ƙaiƙayi.

Akwai wani Yari, mataimakin Dawuda a wurin aiki, wanda ya daɗe yana hangen kujerar. Ban ce ya san wani abu ba. Ranar kasuwa ce, benci ya cika maƙil, ya zo ya zauna yana taunar rake. Cikin hira ya ce shi dai bai ga tela irin wani na Kontagora ba, wai shi in ya yi wa ramamme riga sai ka rantse ɗan kokawa ne. Ya ƙara da cewa telolin Zuru sai dai haɗa yadi da yadi.

Shi ke nan! Jibo ya yi wurgi da almakashi. "Kontagora? Kontagora mi?" Ya sunkuya ya jawo gwangwani. Da na hango ƙyallen kaki a hannunsa sai na taso da cokalin juya waina a hannu ina cewa, "Malam Jibo! Malam Jibo!" Ina, ya riga ya shimfiɗa su a ƙasa.

"Ku dubi wagga, ta bara. Ku dubi wagga, ta bana. Tafin hannu guda ya zube ga ƙirji! Kullum kuna ganin Kofur, wa ya lura? Allurata ta ɓoye shi. A kirawo na Kontagora shi yi haka in gani!"

Ya ɗago kai yana washe baki, yana jiran a tafa masa. Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce a hankali, "Dama na ji shi yana tari." Yari ya tofar da raken bakinsa, ya kakkaɓe riga, ya tashi ya tafi.

Kashegari akawun kamfani ya kira Dawuda gaban 'yan dako duka, ya ce ya tuɓe riga. Mutumin da ya ratsa dajin Bama, ya tsaya yana kwance maɓalli ɗaya bayan ɗaya, yaran da yake tsawata wa suna ƙirga haƙarƙarinsa da ido. Kafin azahar Yari ne shugaba. Labari ya cika gari, aka daina cin abinci kwano ɗaya da shi, wainata ma sai da ta yi kwantai. Bai jima ba ya kwashe iyali ya koma gonar tsohuwarmu a Dabai. Da fari yakan tako zuwa asibiti, daga baya ƙafa ta gaza, allura ta yanke. Ko sau ɗaya ban ji ya zagi Jibo ba, ni ce nake zagin har da nasa.

Kun san abin da sakaran nan ya ce da na tare shi? Wai, "Ni mi na ce? Ban ce ciwo gare shi ba, awo kaɗai na nuna." Ko a jikinsa.

Amma mutane sun ji a nasu jikin. Kowa ya tuna yana da ƙusa a bangon nan. Aka fara zuwa karɓar igiya, shi kuma ya ce ba ya bayarwa, wai da ƙwandalarsa ya sayi ramar. Dodo mahauci bai tsaya gardama ba, da wuƙar fawa ya zo ya yanke tasa ya tafi. Masu ɗinki suka koma wurin wani sabon tela, Jibo ya zauna yana cewa asiri aka yi masa. Da facin tsofaffin wanduna ya ƙare rayuwarsa, a gaban bango cike da awon mutanen da ba sa gaishe shi. Amma wannan can gaba ne.

Dawuda ya cika da safe can Dabai, damina ta gaba, dawa ta fara fid da kai. Mu mata muna bayan zana muna ɗora ruwan wanka a wuta, Kulu tana zaune a gefe ta haɗa kai da gwiwa. Maza suna ƙofar gida, an aiki wani ya samo dogon kara a auna tsawon kabari. Sai muka ji ƙararrawar keke, sai kuma muryar da na fi tsana a duniya.

"Ku bar neman kara! Ga tsawonshi nan, na aje. Kun gani? Da na ƙone, da yanzu mi za a yi?"

Na leƙa ta zana. Ga Jibo ya ɗaga damin igiyoyi sama, ƙyallen kaki yana reto, fuskarsa har da annuri, shi a dole ya kawo gudummawa. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, awonka daga kafaɗa ya fara. Mutum ba shi da kai ne?" Ko a nan ma ba su yi amfani ba.

Kulu ta tashi. Mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta zagayo bakin zana ta miƙa hannu, shi kuma ya ba ta da hannu biyu, yana tsammanin godiya. Ta dubi igiyoyin, ta shafa ƙullin ƙirji na tsohuwar, mai faɗin nan, ta shafa na sabuwar. Sannan ta juyo ta cusa su duka ƙarƙashin tukunyar ruwan wankan mijinta.

Rama ce busasshiya, nan take ta kama. Kuma wallahi tallahi, ina tsaye ina gani, sai da Jibo ya yi taku biyu ya kai hannu zai ciro.

Kulu ta tare shi da kafaɗa, ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Bari, Tela. Ɗan aikin da ya roƙe ka ke nan, na yi maka."