Jar Kanwar Kaka

Kakarmu ta Ƙofar Kware ba ta yin sahur sai ta jiƙa jar kanwa ta sha, don ƙwannafi na hana ta sakat da rana. Shekarar da nake aji biyar na sakandare likita ya hana ta, ya ce gishirin da ke cikin kanwa na tayar mata da hawan jini. Ya ba ta fararen ƙwayoyi na taunawa. Ta jefa su cikin kwalla ta ce in babu kanwa, to ba ta iya azumi. Ga watan ya kusa kamawa, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi don ciwo ba.

Kowa a gida lallashi yake. Ni ban iya lallashi ba.

Na zuba soɓorodo kofi biyu, ja wur, tsami kamar ya tsinka harshe, yadda malaminmu na kimiyya ya nuna mana.

"Kaka, wanga shi ne cikinki."

"Cikin uwaki dai."

Na tsiyaya ruwan kanwa cikin na farko. Nan take ya koma kore-kore, baƙi-baƙi, kamar ruwan kwata. Na murƙushe ƙwaya cikin na biyu. Shiru. Can jan ya fara dusashewa, ya tsaya shuɗi-shuɗi bai wuce nan ba. Na ce mata kanwa na kashe tsamin duka lokaci guda, ciki ya sake zubo wani, ita ko ƙwayar rage shi take a hankali. Har jini ma, in ji malam, Allah ya sa mai abin da ke riƙe shi tsaka-tsaki, kada ya faɗa can ko can.

Ta daɗe tana kallon kofunan.

"Ke ɗiyag ga, kanwa ce ke. Mi aka yi da gaggawa? Kuma kin ɓata min soɓorodo."

Amma ta buɗe kwallar.

Wata guda tana taunawa tana zagi, wai alli muka ba ta kamar 'yar firamare. Ba ta sha azumi ko ɗaya ba. Kanwar ta koma madafi, wurin ɗanwake.

Ta rasu bayan na gama makaranta. Yanzu ni ke fama da ƙwannafin, kuma in na tauna ƙwayar, zagin nata nake yi, kalma bayan kalma.