Kafintan Makera da Akwatunan Zuma

Mutane kan yi dariya idan na ce aikina shi ne raba faɗa tsakanin giwaye da manoma, alhali ina zaune a unguwar Narayi cikin Kaduna, inda babbar dabbar da muke gani ita ce akuyar maƙwabta. Ban taɓa jin haushin dariyar ba. Giwayen suna can wani daji mai nisa, tafiyar rabin yini a mota idan hanya ta yi kyau, amma katako da waya da ƙusa da masu sa hannu duk a Kaduna suke. Dole wani ya tsaya a tsakiya yana haɗa wannan da wancan, kuma ni aka ɗora wa. Ba yabon kai ba, na iya aikin.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Giwa, duk girman nan nata, tana tsoron ƙudan zuma, domin yana harbinta a cikin hanci da gefen ido. Sai a kafa dirkoki a bakin gona, a rataya akwatunan zuma a tsakaninsu, a haɗa su da waya. Da ta taɓa wayar, akwatunan za su girgiza, masu gida su fito a fusace. Ko ƙuginsu ta ji, juyawa take yi. Sharaɗin kawai shi ne a sami ƙudan zuma a ciki, don akwati fanko ba ya korar ko ɗan maraƙi. Ni kuwa a gidan mai zuma na tashi, can kudancin jihar, tun ina ƙarama na san abin da ƙudan zuma yake so da abin da ya tsana.

A ƙauyen da muka fara aiki akwai wani dattijo da gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce min 'yata. Shekarar da ta gabata giwaye sun cinye masa dawa ƙarƙaf, shi da maƙwabtansa, har matasan garin suka yanke shawara: bana ko su ko giwa. Sun gyara bindigogin toka, wasu har suna maganar zuba guba a cikin kabewa. Baba ne ya miƙe a gaban mai gari ya ce a ba ni damina ɗaya, a gwada a gonarsa. Ya ce idan abin bai yi ba, ba zai sake buɗe baki a taron gari ba. Wato abincin gidansa da maganarsa ya ɗora a kan akwatunana, ni ma na san nauyin abin da na ɗauka.

Aikin akwatunan na kai wa wani kafinta a unguwar Makera, nan Kaduna. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, da masaƙu suka rufe ya kama zarto, kuma dattijo ne a cocinsu. Gadon amarya da kujerun falo su ne sana'arsa, har unguwar Kakuri da ke maƙwabtaka an san hannunsa. Na ba shi awo, na ce masa katako tsirara nake so, kada a shafa komai ciki da waje. Ya gyaɗa kai ya ce ya ji. Na tafi ƙauye muka yi ta haƙa ramuka da kafa dirkoki cikin ruwan sama, hankalina kwance.

Ranar da na dawo, tun daga bakin layi hancina ya ba ni labari. Na shiga shagon na tarar da akwatunan a jere har rufi, suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. An shafe su da banish, man nan mai sa katako ƙyalli, waje da ciki, har ƙarƙashin murfi. Yana tsaye a gefe ya goya hannu a baya, yana jiran yabo.

Na ce, “Dattijo, me na ce maka ranar da na zo?”

Ya yi murmushi ya ce, “Madam, na san kin faɗi haka ne don ki rage wa kanki nauyi. Kar ki damu, wannan finishin ɗin kyauta na yi. Aikin Allah ne. Kuma ni tun da na fara, babu katakon da ya taɓa fita shagon nan tsirara. Mutane su ce wa ya yi?”

Na ce, “Ƙudan zuma ba ya tambayar wa ya yi. Wari yake ji. Wannan warin ko kusa da shi ba zai zo ba.”

Ina da zafin rai, kowa a gidanmu ya sani, kuma a ranar ya taso min har wuya. Abin da ya tare ni shi ne fuskar mutumin. Da ha'inci ya yi, da na san yadda zan wanke shi tas. To, alheri ya yi min, alherin da zai iya jawo a kashe giwa, Baba kuma ya kwana da yunwa da kunya. Na zauna a kan wani benci na bayyana masa komai, har maganar da Baba ya yi a gaban mai gari. Murmushin ya gushe a hankali. Ya shafa murfin akwati ɗaya da tafin hannu, ya ce a hankali, “To yanzu yaya za a yi?”

Sake sababbi ba zai yiwu ba, domin dawa ta riga ta fara ciki, kuma ƙudan zuma yana neman sabon gida ne a ƙarshen damina lokacin da furanni suka buɗe. Idan wannan lokacin ya wuce, sai baɗi. Abin da ya rage shi ne a kankare. Na sa aka kwashe akwatunan zuwa gidana a Narayi, ranar Lahadi kuma bayan sujada na tsaya a gaban matan zumunta na cocinmu na roƙe su hannu. Wata mama mai sayar da doya ta ce, “Ke dai ba kya kawo mana aikin mutane. Bara kin sa mun daka barkono don korar giwa, bana kuma goge akwati.” Aka yi dariya, amma washegari sai ga su da zannuwan aiki.

Kwana da kwanaki tsakar gidana ta koma shagon kafinta. Mata sun baje a kan tabarmi da samfefa, suna gogewa suna waƙoƙin zumunta, garin katako ya bi ya rufe mana gashi da girare. Wanda aka goge sai in cusa masa busasshiyar ciyawa in kunna, wuta ta lashe cikinsa ta cinye sauran warin, sannan in goga kakin zuma tun katakon da ɗumi, yadda babana yake yi wa amyarsa. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga, wani har ya tambaya ko mun buɗe kamfani ne.

A rana ta biyu kafintan ya zo da kansa, ba wanda ya kira shi. Ya rufe shago, ya ɗauko makankararsa, ya sami gefe ya zauna. Shi ya fi kowa sauri, amma duk akwatin da ya ɗauka sai ya juya shi ya kalli ƙyallin tukuna, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya sa ƙarfe. Matan suka sa shi a gaba da tsiya, suna ce masa angon ƙudan zuma. Ya ci gaba da kankararsa. Na tausaya masa ƙwarai, domin na san abin da yake kankarewa ba banish kaɗai ba ne.

Wasu akwatunan na katako mai taushi ne, sun sha banish har cikin jiki. Mun goge, mun ƙona, amma idan na sa hanci ina jin sauransa. Da muka kai ƙauye na rataya masu kyau a inda giwaye suka saba ɓullowa, waɗannan kuma na kai su kusurwar arewa, inda akwai duwatsu. Ban ɓoye wa Baba ba. Na ce masa wannan kusurwar ita ce rauninmu. Ya ce, “Mun yi namu, 'yata.”

Ƙudan zuma ya zo. Duk zuwan da na yi sai in tarar wasu akwatunan sun yi baƙi, ana shiga ana fita da ƙafafu ɗauke da garin fure. Ina bin layin ina kasa kunne a jikin katako, raina fes. Na kusurwar arewa kuwa shiru, sai gizo-gizo. Ba a kuma iya ɗauko mai ƙuda a mayar can, don idan aka dame shi yana sabon zama, tashi zai yi gaba ɗaya.

Wata safiya ina shanya a Narayi waya ta yi ƙara. Mai gari ne. Ya ce giwaye sun shiga gonar Baba, matasa kuma sun fito da bindigogi. Ko kallabi ban tsaya ɗaurawa da kyau ba na nufi tasha.

Da la'asar na isa. Matasan suna ƙarƙashin wata ɗorawa a bakin gonar, bindigogi a kafaɗa, babu wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Baba ya hana su shiga daji sai na zo. Ban yi musu wa'azi ba, na ce su biyo ni mu karanta ƙasa tare. Sawun giwa ba ya ɓuya, kowanne kamar an kifa faranti a laka. Garken ya fito daga daji ya nufi tsakiyar gona kai tsaye. Dab da waya sawun ya tsaya, ya dagule, ya ja da baya. Suka bi gefen shingen suna gwadawa, ko'ina su matso su koma, har suka kai kusurwar arewa. Nan suka tsinke waya suka shiga. Sun ci, sun tattake, amma girgizar ta tayar da akwatunan da ke kusa, sawun fitarsu kuwa a guje yake. Abin da ya lalace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran dawar tana tsaye, kawunanta sun sunkuya don nauyi.

Wani daga cikin matasan ya ce, “Amma dai sun shiga.”

Na ce, “Sun shiga ta inda babu ƙuda. Ka nuna min wuri ɗaya da suka shiga ta inda yake.” Ya duba layin daga nan har can, bai ga ko ɗaya ba.

Baba ya juya ya fuskance su. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Gonar tawa ce, asarar tawa ce. Ban aiki kowa ramuwa ba. Bara a nan ko kara ban samu na dafa ba, ku da kanku kun gani. Bana zan cika rumbu. Wanda yake son shinge a gonarsa baɗi, ga ta nan, ya yi mata magana.”

Daga nan ya shiga wurin da aka tattake, ya durƙusa da ƙyar, ya fara tsintar kawunan dawa daga cikin laka yana karkaɗewa yana zubawa a aljihu. Na ce masa ya bari, wannan ba za ta ciwu ba. Ya ce ba don ci ba ne. A wannan kusurwar ce ya shuka irin da ya gada wurin mahaifinsa, wata jar dawa da ta ƙare a garin sai a hannunsa, ya kai ta can ne don yana ganin duwatsu za su kare ta. Bai taɓa faɗa min ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa kusa da shi.

Mun ɗan jima muna tsinta mu biyu. Can na ji motsi a bayana. Wanda ya yi min gardama ne, ya jingina bindigarsa a jikin dirka, ya cire hularsa ya miƙo wa Baba.

Ya ce, “Zuba a nan, Baba. Aljihunka ya cika.”