Gonar Habsa Mai Faɗin Taki Ɗaya

A wani ƙauye yamma da Filinge, tafiyar awa biyu a amalanken jaki, an yi wata mata mai suna Habsa wadda ba ta taɓa mallakar gona ba, amma ta fi shekara talatin tana noma. Mijinta ya rasu a farin 1984, 'yan'uwansa suka raba gonarsa, ita kuma aka bar ta da ɗaki da turmi da ƙwarya guda ta irin yakuwa.

A wancan zamani iyakar gona a ƙasar Kurfai layin yakuwa ce, babu siminti, babu takarda. Habsa ta bi masu gonaki gida gida tana roƙo su bar mata iyakokinsu ta shuka. Suka yarda, don ta ɗauke musu aiki. Da ruwan shuka ya sauka sai ta fita, tana bin kututturan bara tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ana yi mata ba'a, wai gonarta ta fi ta kowa tsawo, amma faɗinta taki ɗaya.

Wanda ya ga wajen a ƙarshen damina ba ya mantawa. Gero ya fid da kai, tsakaninsa jajayen kara sun miƙe har inda ido ya tsaya, furanninsu ruwan ƙwai, cikinsu ja wur, su buɗe da hantsi su yi laushi kafin la'asar. Ganye na miya ne, kowa ya tsinka ta ɓangarensa. Zoɓon da gurguzun, wato 'ya'yan, na Habsa ne. Da gurguzu take yin daddawar batso, kuma ranar kasuwar Filinge hanci ne ke kai mutum wurinta.

Layinta mafi tsawo, taki ɗari huɗu da goma, yana tsakanin gonar Alhaji Hamidu, mai kanti a Filinge, da ta ɗan baffansa Nasiru. Rabin daddawarta daga nan take fitowa. A 2016 Hamidu ya tashi kewaye gonarsa da waya. Nasiru ya ce iyakar ta shigo masa. Dattawan da suka sani duk sun rasu, sai maigari ya ce a kira Habsa.

Ita kuwa ta san abin da ba wanda ya sani. A daminar 1994 ruwa ya haƙa kwazazzabo a kan iyakar, ta matsa da layinta taki uku cikin gonar su Nasiru. Daga baya yashi ya cike ramin, amma ba ta koma ba, don sabon wurin ya fi karɓar yakuwa.

Ana gobe za a fita, Hamidu ya zo gidanta da la'asar.

"Inna Habsa, ke dai ki ce inda yakuwa take, nan iyaka take. In na sa waya sai in bar miki taki biyu daga ciki, har ƙofa in yi miki."

"Alhaji, ga fura nan, ka sha," in ji ta.

Washegari aka taru a gonar, da maigari da wani ma'aikaci daga Filinge riƙe da igiyar awo. Habsa ta dogara sandarta, ta iso kan kututturanta, ta wuce su. Ta ƙirga taki uku cikin gonar Hamidu ta tsaya.

"Nan take, ranka shi daɗe."

"Kin tabbata, Habsa?" maigari ya tambaya.

"Ni na matsa da ita da hannuna, shekarar kwazazzabo. Ba wanda ya sa ni."

Hamidu ya ce, "Ashe shekara ashirin da biyu ɓarauniya muke ciyarwa."

"Geron dai rumbunka ya shiga, Alhaji. Ni ganye na ci."

Aka yi dariya, ban da Hamidu. Ma'aikacin ya kafa turke, ya rubuta.

Kafin damina waya ta tsaya, ba ƙofa a ɓangaren Habsa. Nasiru kuwa, yana samun takarda ya sayar da gonarsa ga wani mutumin Yamai, shi ma ya ja tasa wayar har ta haɗu da ta Hamidu. Ko tafin ƙafa babu wurin sawa a tsakani. Habsa ta koma kan gajerun layukanta, kasuwa ma sai sau ɗaya a wata, har Allah ya karɓi ranta a 2021.

Maƙwabciyarta Samiratu ta taɓa ce mata, suna tsintar gurguzu a tsakar gida, "Ke ma dai, Habsa. Da kin yi shiru da yanzu kina da ƙofarki."

Habsa ba ta ɗaga kai daga faifan ba. "Na yi shiru shekara ashirin da biyu," ta ce. "Ya isa."