Facin da Na Goge, Baba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran mahaifinmu a asibiti bayan jinyar kwana shida. Shekararsa saba'in da uku. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓi abinSa, ba mu da ja. Yau kwana ashirin ke nan, Baba, sai yau na zauna rubuta maka wannan, domin akwai aikinka da na ɓata da hannuna, na kuma ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan riƙe biro ba sai na gyara shi.

Mutanen waje sun san ka da gyaran agogo, shekara arba'in a shago ɗaya mai ƙunci, gilashi maƙale a idonka na dama. Mu na gida mun fi saninka da ɗakin baya, inda kantoci suka cika da ƙananan jiragen yaƙi masu saukar ungulu da tankoki na roba, babu wanda ya wuce tsawon takalmi sai ɗaya. Ba ka taɓa shiga soja ba. Umma takan ce mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa ya tara mata rundunar yaƙi a gida, kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da gugarka.

Wasu kana samunsu a kwali, gunduwa-gunduwa, da takardar yadda za a haɗa. Ban taɓa ganin ka bi takardar nan har ƙarshe ba. Sai ka yanke hancin jirgi ka ƙara masa tsawo, ka toshe taga ka buɗe wata, domin ka ga hoton na gaske kuma ba haka yake ba. Wasu kuwa daga babu kake tayar da su: murfin bokiti, bututun biro, tsohon katin waya, marfin man goge baki. Ranar da Umma ta gaji da neman murfin robar wankinta ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Malam, ina murfina?" Ko ɗagowa ba ka yi ba, ka ce, "Yana nan lafiya. Ya samu ƙarin girma, ya zama tanka." Ta yi kwana biyu tana fushi, a na uku ita ce ta kawo maka wani murfin da ya tsage.

Haƙurinka yakan ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Sarƙar ƙafar tanka guda, gaɓa ɗari da sittin, kowace da reza ka yanke ta. Kakan riƙe tsinken roba a kan kyandir har ya yi laushi, ka ja shi ya zama siriri kamar zaren ɗinki, ka yi waya da shi. Kakan shafe mako kana fentin kujeru da maɗaurinsu a cikin jirgi, sannan ka rufe da gam, ba mai sake gani. Na taɓa ce maka wannan ɓata lokaci ne. Ka ce, "Ke ba ki gani, amma ni na san suna ciki." Ni tela ce, kuma a wannan teburin na fara riƙe almakashi.

Shekara biyu da suka wuce wani dattijo makaho ya zo shagonka da agogonsa mai faɗin lokaci da ya daina magana. Kowa Saje yake ce masa. A ƙuruciyarsa makanikin jirgin soja ne mai saukar ungulu, yana kuma tashi tare da shi, daga baya ciwon suga ya tafi da idanunsa. Hira ta kai ku ɗakin baya, ka ɗora masa wani jirgi a tafin hannu. Ya shafa, ya shafa, ya ce, "Irin namu ne, amma ba namu ba ne. Namu tagoginsa biyar." A ranar ka yi masa alkawarin za ka gina masa nasu, babba, mai tsawon hannu, yadda yatsa zai iya karanta shi. Tun daga nan duk Asabar yana zuwa. Yana faɗa kana zanawa, yana shafawa yana gyara maka, kuna musu kamar yara. Ban taɓa zama na saurara ba, shayi kawai nake ajiye muku in wuce, kuma yau ina da-na-sanin haka.

A asibiti, kwana biyu kafin rasuwarka, ka riƙe hannuna ka ce, "Jirgin Saje saura fenti da farfela. Ɗansa zai zo ya tafi da Saje farkon wata mai zuwa, ya koma wurinsa da zama, can nesa. Kada ya tafi bai riƙe shi ba." Na ce na ɗauka, Baba.

Da mutane suka watse, Yaya ya kawo kwalaye ya ce a tattare ɗakin, ganinsa yana sa Umma kuka. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ko tsinke ba zai fita daga ɗakin nan ba sai na gama." Ya dube ni ya ce ashe taurin kan ma gadonsa ake yi, ya mayar da kwalayensa mota.

Na rufe shagona na zauna a kujerarka. Farfelar ba ta ba ni wuya ba, ka riga ka yanke fikafikanta biyar ka jera su a durowa. Amma da na juya jirgin, sai na ga wani abu a gefen hagu, ƙarƙashin ƙofa: ɗan faci mai kusurwa huɗu, a karkace, ya ɗan taso sama da jikin, kewaye da ƙananan ƙuraje na roba, ɗaya ma ya fita daga layi. Zuciyata ta karye. Na ce lallai ciwon ya fara cin hannunka tun kafin mu lura, ka huda jirgin bisa kuskure ka toshe yadda ka iya. A sana'ata faci abin ɓoyewa ne, ɗinkin da ido ya gani bai yi kyau ba. Na ce ba zan bari a ga kasawar mahaifina ba. Na sa reza na kankare shi, na cike wurin, na bi da samfefa har ya yi sumul, na yi fenti. Har daɗi na ji, wai na rufa maka asiri.

Na kai wa Saje ranar Asabar da hantsi. Yana zaune a barandarsa, akwatunansa biyu an riga an ɗaure. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara daga hanci, ya ƙirga tagogi, ya juya farfela da ɗan yatsa yana dariya. Da ya iso gefen hagu sai dariyar ta tsaya. Yatsansa ya yi ta kai da komowa a wuri ɗaya.

"'Yata, ina facin?"

Na ce na gyara, Baba Saje, kuskure ne.

Kunya ta rufe ni tun kafin in san laifina. Sannan ya ce, "Ba kuskure ba ne. Nan harsashi ya shiga ranar da muka ɗauko masu rauni. Abokina yana zaune daidai bayan wurin, bai sauka da ransa ba. Ni na yanki ƙarfe na toshe ramin, ƙusa goma sha huɗu. Ta goma sha ɗaya ta karkace, hannuna ne yake rawa. Mahaifinki sau uku yana yin facin nan ina ce masa bai yi ba, sai a na huɗu." Ya miƙo mini jirgin a hankali ya ce, "Ya yi kyau, Allah Ya yi miki albarka. Amma ba namu ba ne."

Baba, ban yi kuka a gabansa ba. Na ce ya ba ni mako guda. Ya ce kwana tara suka rage masa a gidan, na ce sun isa.

Na koma ɗakin na zazzage durowarka har na sami zanen, da rubutunka a gefe: ta sha ɗaya ta sauka ƙasa kaɗan. Na yanki katin roba a karkace, hannuna yana ƙi, domin shekara ashirin ina hora shi ya yanka daidai. Na kunna kyandir na ja tsinke, ya tsinke, na sake, ya ƙone, na sake. Na yanka kawunan ƙusa da reza, ƙanana kamar ƙwayar gishiri, rabinsu suka ɓace a ƙasa, Umma ta durƙusa tana taya ni nema da gilashinka. Faci na farko ya yi kyau da yawa, na cire. Na biyu gam ya narkar da shi. Na uku na rufe idona na shafa, kamar yadda ya kamata in yi tun farko, na ji yatsana ya tsaya a kan ta sha ɗaya.

Jiya na mayar masa. Bai fara daga hanci ba, kai tsaye ya nufi gefen hagu. Na ji yana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, uku. A ta sha ɗaya ya tsaya, ya daɗe. Sannan ya sa ɗan yatsa ta ƙofar, ya taɓa kujerar da ka yi wa fenti a ciki, wadda ba mai gani, ya ce, "Nan yake zaune." Ya rungume jirgin a ƙirjinsa, mu biyu muka yi kukan da na riƙe tun ranar Talatar nan.

Na cika alkawari, Baba. Akwai tanka a kan teburinka da sarƙar gefe ɗaya kawai, saura gaɓa tamanin. Zan yanke su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da na tarar a karkace, sai na tambaya kafin in taɓa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, wadda ta rasa abokin zama na shekara arba'in da shida, ga Yaya da ƙannenmu da jikoki, ga maƙwabtan shagonka, da Baba Saje da ya rasa abokin musu. Allah Ya ba mu haƙuri da juriya. Ya Allah, bawanKa ya kasance mai kyautata abin da ido ba ya gani. Ka dubi ɓoyayyun ayyukansa da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ba tare da mun bar alkawarin kowa a kan tebur ba. Amin.